Ciwon kan da ke bin wata: me ya sa kowane lokotoro da tasa amsa?

Ga jawabin da na yi a zaman mata da matasa a Dannet. Na rubuta shi yadda na faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku maza da kuka daure kuka zauna duk da kun ji batun na mata ne, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Arlit da Akokan, sannunku da hanya, kowa ya san halin da hanyar nan take ciki. Waɗanda suka baro dabbobi a bakin rijiya suka zo, Allah ya saka da alheri.

Yau a kan ciwon kai zan yi magana. Na san wani zai ce a ransa: ga matsalar ruwa, ga ƙura, ga zaman kashe wando tun da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021, sai a tara mu a kan ciwon kai? To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Ciwon kan da nake nufi shi ne mai kwantar da mace kwana biyu ko uku duk wata, cikin ɗaki mai duhu, da ɗankwali ɗaure tamau a goshi, tana amai, kukan jaririnta ma ji take kamar ana buga mata guduma. Mu ciwon ɓarin kai muke ce masa, a takardar lokotoro kuma migiren ake rubutawa. Ciwo ne sananne, an san dalilinsa, an san maganinsa. Amma a yankinmu, kulawar da mace za ta samu sa'a ce kawai: ya danganta da wanda ta tarar a bakin aiki ran nan. Wannan ne nake so mu canza.

Bari mu fara da sanin ciwon kansa. Yana kama ɓari ɗaya na kai a mafi yawan lokuta, yana bugawa kamar bugun zuciya, yana ƙaruwa in mutum ya motsa ko ya sunkuya. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai, da ƙin haske da ƙin ƙara. In ba a sha magani ba, yakan ɗauki awa 4 zuwa awa 72. Wasu, kafin kan ya fara, sukan ga walƙiya a ido, ko layuka masu lanƙwasa suna rawa, ko wani gefe na abin da suke kallo ya ɓace. Wasu kuma hannu ko leɓe ya yi musu jimri kamar ana tsira musu allurai. Wannan alamar takan ɗauki minti 5 zuwa awa ɗaya ta wuce, masana na ce mata aura. Ku riƙe ta da kyau, zan dawo kanta, don ita ce mafi muhimmanci a maganata ta yau.

Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya yana da wannan ciwo. A ƙuruciya, yara maza da mata kusan daidai suke. Da an balaga sai lissafin ya sauya, mata su ninka maza kusan sau 3. Babban binciken nauyin cututtuka na duniya na 2019 ya sa migiren a matsayi na biyu cikin cututtukan da ke hana mutane gudanar da rayuwarsu yadda ya kamata, a wajen mata ƴan shekara 15 zuwa 49 kuwa shi ne na ɗaya. Wato dai shekarun karatu, da aure, da reno, da neman na kai.

Me ya sa mata? Akwai wani sinadari a jikin mace da ake kira estirojen, yana hawa yana sauka cikin wata. Dab da zuwan al'ada sai ya faɗi ƙasa lokaci guda, kuma wannan faɗuwar ce ke tada ciwon ga wadda jikinta ke da shi. Ba jiya aka gano haka ba. A farkon shekarun 1970, wani likitan ƙwaƙwalwa a Ostireliya mai suna Brian Somerville ya yi wa mata masu wannan ciwo allurar estirojen kafin al'adarsu. Jini ya zo a kan lokacinsa, amma ciwon kai bai zo ba sai da ƙarfin allurar ya sauka. Ya wallafa sakamakon a 1972, shekara ɗaya bayan SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a Arlit. Wato ilimin nan sa'an garinmu ne, ya haura shekara 50, amma har yau bai iso ɗakin duba marasa lafiyarmu yadda ya kamata ba.

Ƙa'idar da likitocin duniya suka yarda da ita ba ta da wuya. In ciwon yana zuwa tsakanin kwana 2 kafin al'ada da kwana na 3 da farawarta, a wata biyu cikin uku, to ciwon kai ne mai bin al'ada. Irinsa ya fi daɗewa, ya fi tsanani, ya fi taurin kai ga magani. Da yawa sukan samu sauƙi in ciki ya wuce wata uku, sai ya dawo bayan haihuwa. Yakan tsananta a shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa, ga mata da yawa kuma ya lafa bayan ta ɗauke. A ƙara da abin da muke da shi a nan: zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ƙarancin shan ruwa, hasken rana a kan yashi, tsallake abinci, rashin barci, hayaƙin turaren wuta da ƙamshin humra. Ko shayin nan namu, wadda ta saba da shi in ta rasa shi rana ɗaya, kanta zai gaya mata.

Ni da nake tsaye a gabanku ina cikinsu. Tun ina kolej ya fara mini. Cikin shekara biyu na ga ma'aikatan lafiya huɗu a wurare daban-daban, ba zan kama sunan kowa ba. Na farko ya ce palu ne. Gwaji bai nuna komai ba, amma ya rubuta mini maganin palu, wai ko da yana ɓoye. Na biyu ya ce tifoyid, ya ɗora ni a kan maganin kwana goma. Ta uku ta sa mini ƙarin ruwa, ta ce gajiya ce da yawan karatu. Na huɗu ya dube ni ya yi murmushi, ya ce: "Ƴata, ki yi aure, da kin haihu zai daina." Babu ɗaya a cikinsu da ya tambaye ni ranar da al'adata ke zuwa. Sai da na je jami'a a Yamai wata lokotoro ta ce in kawo mata lissafin wata uku a kaye. Da ta duba, ko minti biyar ba ta yi ba ta gaya mini sunan ciwona. Ba ta yi mini hoton kai ba, ba ta ɗebi jinina ba. Tambaya ta yi.

Ban faɗi wannan don in tozarta ma'aikatan lafiya ba. Duk wanda ya taɓa ganin majo shi kaɗai a CSI, da layin mata da yara har waje, ga ƙarancin kayan aiki, ya san suna ƙoƙari. Matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2011 kan ciwon kai, ta gano cewa a matsakaicin lissafi awa 4 kacal ake ware wa ciwon kai a dukan karatun ɗalibin likitanci, kuma kusan rabin masu ciwon kai a duniya su ke yi wa kansu magani ba tare da ganin ma'aikacin lafiya ba. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƴan ƙalilan ne, galibinsu a Yamai. Daga Arlit zuwa Agadez kusan kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa ya haura 1,000. Wace mace ce daga zangon makiyaya a Dannet za a sayar wa akuya a kai ta Yamai saboda ciwon kai? Sannan a ƙasar da palu da sanƙarau ke kisa, an horar da ma'aikaci ya fara neman abin da ke kisa, kuma daidai ne. Kuskuren shi ne in gwaji ya fito babu komai, sai a tsaya nan, a ce "ba ki da komai", ko a rubuta maganin cutar da gwajin ya ce babu.

Akwai kuma batun harshe da kunya. Uwa ta zo daga daji, Tamajak take ji, ma'aikaci yana Faransanci ko Hausa, mai fassara kuma mijinta ne, ko ɗanta, ko ƙanen mijinta. Ku gaya mini, wace uwa ce za ta ce wa ɗanta: gaya masa ciwon yana zuwa ne in na ga wanki? Gara ta ce kaina ke ciwo, ta yi shiru. Daga nan sai magana ta koma gida: iska ce, sammu ne, kishiya ce, ko kuma lalaci ne don kada ta yi daka. Wadda ta ga walƙiya a ido kuwa, nan da nan a ce mutanen ɓoye ne suka taɓa ta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani zai ce: to ai ciwon kai ba ya kisa, a yi haƙuri mana. A nan ne nake so ku natsu, don wannan sakaci yana da farashi, kuma mata ke biya.

Na farko, ƙwayar tazarar haihuwa. Tun 2006 tsarin iyali yana cikin abubuwan da gwamnatin Nijar ta ce kyauta ne, kuma abin alheri ne. Amma ƙwayoyin iri biyu ne: akwai mai haɗe da estirojen, akwai marar shi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan hanyoyin tazarar haihuwa ta raba yanayi gida huɗu, gida na 4 shi ne wanda aka ce kada a bayar sam. Macen da ciwon kanta ke zuwa da walƙiyar nan ta ido, ƙwaya mai estirojen a gida na 4 take a wajenta, ko shekarunta nawa. Dalili shi ne haɗarin toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin ba shi da yawa ga matashiya, amma walƙiyar tana ƙara shi, estirojen ya ƙara, taba ko shisha ko hawan jini su sake ƙarawa. Ko wadda ba ta ganin walƙiya, in ta kai shekara 35, jagorar ta ce a yi taka-tsantsan sosai. Kada wata ta fita daga nan ta ce an ce filanin haɗari ne. Akwai hanyoyin da babu estirojen a cikinsu: ƙwaya marar shi, da allurar wata uku, da wanda ake sakawa a dantse, da robar mahaifa, ungozoma za ta zaɓa miki wadda ta dace. Abin da ake buƙata tambaya ɗaya ce kafin a miƙa fakiti. Ku tambayi kanku, mata nawa a nan aka taɓa yi wa ita? Wasu kuma za su lura kansu yana sara ne a makon ƙwayoyi 7 na ƙarshen fakiti, waɗanda babu sinadarin a cikinsu. Faɗuwar estirojen ɗin nan ce dai, kuma akwai gyaran da ma'aikaci zai iya yi in an gaya masa.

Na biyu, maganin tebur. Macen da aka sallama sau uku babu amsa ba za ta koma karo na huɗu ba, wajen mai tallar magani za ta nufa. Shi ba ya tambaya, ba ya faɗa, kuma yana ba da bashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, maganin ciwon kai kansa yana haifar da ciwon kai. Wadda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, ciwon zai iya komawa na kullum. Ga magungunan haɗe-haɗe masu kafeyin ko kodin, da tramadol, kwana 10 a wata ya isa. Mun saba cewa tramol matsalar samari ce da ƴan kabu-kabu. Ku leƙa jakunkunan iyayenmu mata, za ku sha mamaki. Ba maye ya kai su ba, ciwon da aka ƙi saurara ne.

Na uku, ciki. Akwai magani mai suna valproate, wanda a famasi aka fi sani da Dépakine, ana ba da shi don farfaɗiya, wani lokaci kuma don rigakafin ciwon kai. Yana iya yi wa ɗan tayi mummunar illa, shi ya sa ba a ba mace mai shekarun haihuwa shi saboda ciwon kai. Ibufurofen da asfirin ma ba na mai tsohon ciki ba ne. Sannan in aka saba cewa ciwon kan mace ba komai ba ne, ranar da mai ciki wata bakwai ta zo da ciwon kai da kumburin fuska da dishi-dishin gani, ana iya cewa ta je ta huta, alhali hawan jinin ciki ne mai kai wa ga jijjiga.

Na san tambayar da ke bakin wasu: shin yuraniyom ne? A garinmu komai ya faru can hankali ke fara tafiya, kuma muna da dalilin zargi. Amma ciwon ɓarin kai yana damun mata a Zinder da Kano da Faris, inda babu ramin haƙa ko ɗaya. Kada mu ɗora masa abin da ba mu da hujja a kai, don kada mu raunana ƙorafinmu na gaskiya kan ruwa da ƙura da tulin sharar ma'adinai. Darasin da nake so mu ɗauka daga waccan gwagwarmaya daban ne. Shekaru mutanen Arlit suna kuka ba a ji ba. Da ƙungiyar Aghirin'man ta su Almoustapha Alhacen ta gayyato masana na CRIIRAD daga Faransa a 2003 suka yi awo, Greenpeace kuma ta zo a 2009 ta fitar da rahoto a 2010, sai kukan ya zama lamba a takarda, duniya ta juyo. A garin nan ana auna kowane tan na yuraniyom, ma'aikacin rami yana yawo da na'urar awo a jikinsa. Kwanakin da mata ke yi a kwance kuwa babu mai ƙirgawa. To mu fara ƙirgawa da kanmu.

Ga abin da nake roƙon kowace mai wannan ciwo. Ki samu kaye, ko ki buɗe kalandar salularki. Wata uku, ki sa alama ranar da kai ya yi ciwo, da ranar da al'ada ta zo, da maganin da kika sha, da ko kin ga walƙiya. Wadda ba ta yi boko ba, ƴarta ko ƙanwarta ta rubuta mata, ko ta yi ƙulli a zare kala biyu. Ku ƴan makaranta, wannan aikinku ne ga iyayenku. Ki tafi da shi wajen ma'aikacin lafiya, ki ce cikin ladabi: "Malam, ka duba wannan, ina zaton ciwon ɓarin kai ne mai bin al'ada." Magani yana nan. Akwai wanda ake sha da zarar ciwon ya fara, tun bai yi ƙarfi ba, tare da na tashin zuciya. Akwai wanda lokotoro zai sa ki fara kwana biyu kafin al'ada ki yi ƴan kwanaki, kamar naproxen. In ciwon ya yi yawa a wata, akwai na rigakafi na kullum kamar propranolol ko amitriptyline, tsofaffin magunguna ne marasa tsada. Kowanne yana da waɗanda bai dace da su ba, mai asma, mai gyambon ciki, mai juna biyu, don haka ba a tebur ake zaɓensu ba.

Akwai kuma ciwon kan da ba a jiran wata uku a kansa. Wanda ya sauko lokaci guda kamar tsawa, mafi tsanani a rayuwarki. Wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Wanda ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko sarƙewar harshe. Na mai ciki ko mai jego da ya zo da kumburi ko dishin gani. Wanda ya biyo bayan buguwa a kai. Waɗannan a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne.

Ga hukumar lafiya ta gundumar Arlit, da magadan gari, da kwamitocin kula da CSI da ƴan unguwa ke ciki, buƙatunmu biyar ne, babu wadda ke neman sabon gini. Ɗaya, a samar da takarda guda mai bayani iri ɗaya a kowane CSI da kowane ƙaramin ɗakin shan magani, daga Akokan har Dannet, mai tambayoyi uku: yaushe ciwon ke zuwa a cikin wata, kina ganin walƙiya, kwana nawa kike shan magani? Biyu, kada a ba kowace mace ƙwaya mai estirojen sai an tambaye ta ciwon kai an kuma auna jininta. Uku, a rubuta sunan ciwon da maganin da aka gwada a karnenta, don wanda zai gan ta gobe ya ɗora daga nan, kada ya koma kan palu. Huɗu, a samu mace mai jin Tamajak da Hausa da za ta yi fassara, a kuma ja labule, maganar al'ada ba ta gaban layi ba ce. Biyar, magungunan su samu a famasin gwamnati. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sumatriptan, maganin da aka yi musamman don wannan ciwo, cikin jerin magungunan dole. A watan Mayun 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, ciwon kai na ciki. Abin da aka riga aka amince da shi muke nema ya iso Arlit.

Ku kuma maza, naku aikin ba shi da tsada. In ta ce kanta, ka yarda. Ka rage ƙarar rediyo, ka janye yara, ka kawo mata ruwa, abincin ran nan a nemi mai dafawa. In kun je likita tare, ka ba ta wuri ta yi magana da ungozoma ita kaɗai. Malaman makaranta, yarinyar da ke ɓacewa kwana biyu duk wata, ku sa malama mace ta tambaye ta kafin a rubuta ta cikin masu fashi.

Ran 13 ga Mayu 1991, matan Nijar sun yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Sun ƙirga, sun ga lissafin bai yi ba, sun fito, aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Ana cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. To duk wadda ta fara kayenta yau, nan da wata uku mu haɗa su wuri ɗaya, babu sunan kowa a kai, mu kai wa shugaban likitocin gunduma, mu zauna mu duba tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.